Rundunar Tunkuza

Katangarmu ɗaya da Haliru mai fenti a Bodinga, don haka wannan labari ba a bakin famfo na tsinto shi ba. Rabinsa ta saman katanga ya iso mini, wani ma har cikin tukunyar miya.

Haliru yana da hannu, wannan ba a hana shi. Shi ke rubuta allunan shaguna, shi ke zana kifi da kaza a ƙofar masu sayar da abinci, ko da yake wani lokaci sai an tambayi mai shagon wanne ne kifin. Sai dai bakinsa ya fi hannunsa aiki. A jikin tankin babur ɗinsa ya rubuta SARKIN YAƘI da jan fenti, manyan baƙaƙe, da takubba biyu a gicciye a ƙasa. Babu wanda ya naɗa shi, babu kuma wanda ya taɓa ganin ya raba ko faɗan zakaru. Amma in ya tsaya shan mai, sai ya karkata babur yadda mai zuba man zai karanta ba tare da ya wahala ba.

Mutum ɗaya ne ba ya ɗaga wa rubutun nan ƙafa, wato Ɗanliti, tela a kasuwar Shagari, ɗan kawunsa. Taubasai ne ke nan, tsakaninsu kuwa babu kunya babu fushi. Maganar da wani zai faɗa maka ku kwana gaban alƙali, in taubashi ya faɗe ta sai dai ka yi dariyar dole. Duk ranar da Haliru ya je Shagari sai sun zauna dara a gindin dogonyaron ƙofar shagon, duk ranar da suka zauna kuma sai Ɗanliti ya share masa 'ya'ya tas.

Ran nan aka yi ta lallasa Haliru tun hantsi har ladan ya fara gyaran murya.

"Sarkin Yaƙi," in ji Ɗanliti yana kakkaɓe hannu, "akwai sauran dakaru cikin aljihu, ko mu tashi mu yi alwala?"

"Dara aikin marasa aiki na," in ji Haliru. "Rame da tsinke, tsinke da rame. In yaƙi kake so, matso ka ga yaƙi."

Ya zaro waya ya kunna musu wani hoto mai motsi. Wasu tsofaffin Turawa ne da tabarau, sun duƙufa suna shafa wa sojoji fenti, kowane soja bai wuce ɗan yatsa ba. Can sai suka jera su kan wani makeken tebur mai tuddai da kogi, suna auna tafiyarsu da tef irin na tela, suna jefa ƙwayar ludo don a san wanda kibiya ta samu.

"Waɗanga dattawa ba su da gona?" in ji Baba Tukur, dattijon majalisar, wanda duk gardamar gindin bishiyar a gabansa take ƙarewa.

"Masana tarihi na, Baba. Ni ma na daɗe da wanga ilimi, lokaci na dai ban samu ba."

"Tun yaushe?" in ji Ɗanliti.

"Tun kana koyon sa zare ga allura."

Safinatu, matar Haliru, ta faɗa mini daga baya cewa a makon ne ya fara ganin hoton.

Nan take Haliru ya zayyana shirinsa. Zai ƙera runduna biyu irin na zamanin da, Kabawa da Gobirawa, da 'yan baka da masu mashi da masu garkuwa. Shi zai riƙe Kabawa, Ɗanliti ya riƙe Gobirawa. Matar Ɗanliti tana da tsohon ciki, saboda haka aka tsayar da ranar suna, in Allah ya sauke ta lafiya, don a samu shaidu da yawa. In Ɗanliti ya sha ƙasa, Haliru zai rubuta YARON HALIRU a saman ƙofar shagonsa. In kuwa Haliru ne, zai goge SARKIN YAƘI da hannunsa ya rubuta YARON ƊANLITI a tanki.

"Ba kuɗi ciki dai ko?" in ji Baba Tukur. "In da kuɗi caca ta, ba ruwana."

"Ba kuɗi, Baba. Mutunci na kawai."

"To, wanga ba ku da shi da yawa, ku yi. Ni za ni yi alƙalanci."

"Kuma a shaida doka ta hwarko," in ji Haliru yana nuna Ɗanliti da yatsa, "don na san halin wanga da kame-kame. Wanda dut rundunatai ta ƙare a hili, ko ta wace hanya, ya sha ƙasa. Ba 'ai da', ba 'amma'."

Aka shaida.

Da laka ya fara. Ya ɗebo ta daga kududdufin bayan gari, ya mayar da zaurensa maƙera. Dawakai ya soma yi, ya jera su bakin bango su sha iska. Da safe Safinatu ta shigo shara, ta ga wasu abubuwa masu dogayen wutsiyoyi sun yi layi suna kallonta. Ba ta tsaya tambaya ba, ta bi su da kan tsintsiya ɗaya bayan ɗaya.

"Kin kashe mani barade," in ji Haliru.

"Ni gahiyoyi nig gani, Baban Mufida."

Ya tsaya ya dubi abin da ya rage na wutsiyoyin. Da yamma ya sanar a teburin mai shayi cewa bincikensa ya nuna Kabawan dauri a ƙasa suke yaƙi, ba bisa doki ba, don mutanen gulbi ne.

Masu tafiya a ƙasan ma ba su yi ƙarko ba. Ya shanya su a rana, kafin la'asar kawuna suka riƙa ɓallewa suna gangarowa. Ya ce gashi suke buƙata irin na tukwane, ya tura su cikin murhun Safinatu tana tsakar talge. Suka dinga fashewa kamar gugguru. A ranar gidan da tsakuwa suka ci tuwo.

Sai ya koma ɓargon kara, irin wanda yara ke yin mota da shi. Wannan ya karɓi fenti, sai dai buroshinsa na allon shago ya fi kan sojan girma, shafa ɗaya mutum ya zama jan dunƙule. Ya ce Turawan nan da gashin dabba suke nasu, ya ɗauki almakashi ya nufi bunsurun maigidana da ke ɗaure a ƙofar gida. Gemun dai ya samu. Bunsurun kuma ya raka shi har cikin kwata, ya tsaya a kansa ya tabbatar ya zauna sosai. Tun daga nan duk wanda ya wuce zauren Haliru sai ya toshe hanci, don rundunar Kabi gaba ɗaya warin bunsuru take yi.

Ya gama fenti ya jera su bisa katanga su bushe. Damina ce. Hadari ya taso daga gabas da iskarsa, kafin Haliru ya fito daga wanka runduna ta yi hijira. Wasu sun sauka a gidanmu, wasu a masallaci, wasu har yau ba a san inda suka yi zango ba. Ni da kaina na tsamo ɗan baka ɗaya a cikin miyar kuka, na ɗauraye shi na miƙa wa Safinatu ta katanga. Ta karɓa ta ce, "Ki sa mu cikin addu'a, Yaya."

Sana'ar Safinatu ƙuli-ƙuli ce. Ran nan Haliru yana zaune ya yi tagumi, sai ya ga tana mulmula tunkuza, wato dunƙulen gyaɗar da aka matse wa mai, tana lanƙwasa ta yadda ta ga dama tana jefawa a kasko, tana fitowa da tauri kamar dutse.

"Kayan aiki na gidana ina yawon kududduhi," in ji shi, ya jawo kwanon gabansa.

"Baban Mufida, wagga sana'ata ta hwa."

"Tarihi za shi ambaci sunanki."

"Tarihi shina sayen gishiri?"

Bai saurare ta ba. Gaskiyar magana, tunkuza ta yi. Ba ta fashewa, iska ba ta ɗaukarta, tsinken tsintsiya yana zama mashi a hannunta. Fentin mai ne kawai ya ƙi zama, yana sulɓewa saboda maiƙo. Sai ya sayo kalar da masu alawa ke sawa, ja da rawaya da kore, ya yi wa Kabawa jajayen riguna da garkuwoyi rawaya. A hoton ya ga Turawa suna shafa wani abu mai sa ƙyalli, sai ya dafa sukari ya yi kauri ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya. Suka fito suna walƙiya. Sarkin yaƙinsu ya fi kowa girma, da hula irin ta Haliru, har da ɗan tumbi.

Gobirawan Ɗanliti kuwa da ƙanzon kasko ya yi su, ya bar su a wuta sai da suka yi baƙi ƙirin, ya tsoma su a ruwan bula na wanki.

"Waɗanga ba ka sa musu sukari?" in ji Safinatu.

"Rundunar tela ta. Ko hakan na yi mata gata."

Tururuwa suka ji labarin sukari suka kawo nasu harin. Dole ya karɓe kwanonin samira na Safinatu masu murfi, ya zuba Kabawa a babba, Gobirawa a ƙarami, ya ɗora su cikin daro mai ruwa.

Saura atisaye. Ya shimfiɗa rairayi a babban faranti a bakin zaure, yana ja masa layi da yatsa, yana motsa 'yan mutanensa, yana ƙunƙuni shi kaɗai. Wata dattijuwa mai tallan nono daga Kajiji ta wuce, ta dawo da baya, ta sauke ƙwaryarta ta durƙusa.

"Sannu da aiki, malam. Karsanata ta ɓace tun ran kasuwa."

"Inna, wanga hilin yaƙi na."

"To, a duba mani dai."

"Ba ki gane ba. Kin ga waɗanga? Ta gabas za su ɓullo, su bi bakin gulbi, su laɓe cikin kurmi."

"Gabas, bakin gulbi, cikin kurmi. Allah shi biya." Ta zuba masa nono ta tafi.

Saniya mai jin ƙishirwa ina za ta in ba bakin gulbi ba? Aka sami karsana a can. Kafin mako ya zagayo zauren Haliru ya cika da masu ɓatan akuya da masu ɓatan waya, har da wata da ke son a duba mata inda mijinta ke zuwa bayan isha'i. Allah ya tsare mu da zuwa wurin masu duba. Haliru yana cewa ba haka ba ne, amma ba da ƙarfi ba, don nonon Kajiji yana da kauri.

Magana ta kai kunnen Malam Ashiru, limamin unguwarmu. Ya zo da sandarsa bayan la'asar, mutane suka biyo shi.

"Haliru, magana biyu anka kawo mani. Wai kana duba, wai kuma kana ƙera surar mutane."

"Duba kam ƙarya ta, Allah gahwarta Malam. Sura kuwa, ai ka san hannuna. In na yi mutum, numhwashi kaɗai za ka rasa."

"To, shi na abin tsoron. Kawo in gani."

Haliru ya zaɓo ɗan bakan da ya fi alfahari da shi. Malam ya sa tabarau, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Ina kan?"

"Juye kar riƙe shi, Malam."

"Wanga hwa?"

"Baka na."

"Na ɗauka wutsiya ta." Malam ya ƙara dubawa, ya miƙa masa. "Kwantar da hankalinka, Haliru. Iyakar sanina ban ga halittar Allah da wanga abu yay yi kama da ita ba. Ba mutum ba, ba dabba ba, ba tsuntsu ba. Ba ka da laihi."

Mutane suka fara danne dariya. Haliru ya ƙara matso masa da shi.

"Amma Malam, in ka dube shi ta gehe…"

"So kake in duba ta gehe in ga mutum?"

"A'a, Malam."

"Madalla. Ka kwashe rairayin ga daga ƙohwa, ka bar shan nonon bayin Allah." Ya kai yatsunsa hanci. "Ƙamshi dai suna da shi."

Allah ya sauki matar Ɗanliti lafiya, ta sami ɗiya mace. Ranar suna Safinatu ta yi cincin da dubulan na gudummawa, ta zuba a sauran kwanonin samira. Babur ɗaya ne, wuri kaɗan, sai aka haɗa kwanoni duka, na gudummawa da na yaƙi, aka ɗaure a zane guda ta rungume. Haliru ya ɗaura buhun rairayi da na dussa a gaba. Sarkin yaƙin nan mai hula shi kaɗai bai yarda ya shiga kwano ba, ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun gaba.

Sun isa Shagari bayan azahar, lokacin da mata suka cika cikin gida, maza kuma suka baje tabarmi a waje. An zo daga Lambara, an zo daga Dandin Mahe. Haliru ya tsaya gyara wa babur tsayuwa yadda kowa zai ga tanki. Yana cikin haka 'yan matan gidan suka fito tarbar baƙuwa, suka sauke wa Safinatu ƙunshin kwanoni suka yi ciki da shi. Haka ake yi. Duk kwano mai murfi da ya zo gidan suna, hannun mai rabo yake zuwa.

Haliru bai lura ba, yana can an fito masa da teburin yankan yadi na Ɗanliti. Ya baza rairayi. Ya yi tuddai da dussar da ya rina kore. Ya yi gulbi da shuɗiyar leda, ya kafa kurmi da rassan zogale. Yana yi yana wa'azin tarihi, yana faɗin sunayen jarumawan da ko kakanninsu ba su taɓa jin su ba. Kajin unguwa suka ji ƙamshin dussa, suka fara taruwa ƙarƙashin tebur.

"Sarkin Yaƙi," in ji Ɗanliti, tef rataye a wuyansa, "hili ya yi kyau. Mutanen hwa? Ko sun tsaya biyan kuɗin mota?"

"Yanzu za ka ga abin da zai hana ka barci. A kawo mani kwanonina."

Babu wanda ya san wane kwano. Haliru ya je bakin zaure ya yi sallama, hayaniyar mata ta haɗiye sallamar. Ya ƙara. Shiru. Ga shi ba dama ya shiga, gida cike da matan aure.

Ni ma an gayyace ni, a lokacin na riga na iso ina cikin gida. Mai rabon ranar Gwaggo Laraba ce, yayar uban Ɗanliti, wadda in ta zauna gaban kwanoni ko mai jego ba ta isa ta sa baki ba. Na tarar ta buɗe babban samira tana cewa, "Kai, mutanen Bodinga sun ci gaba. Ku dubi alawar zamani." Ta ɗanɗana ɗaya, ta lumshe ido, ta fara rabo: na ɗakin mai jego, na baƙin Lambara, na maƙwabta, na yara, na dattawan waje. Ni ban taɓa ganin na tunkuzar ba, na kara na sani. Safinatu kuwa tana ƙuryar ɗaki riƙe da jaririya. Ban ce ta ji ba, ban ce ba ta ji ba. Allah ne masani.

A waje, abin da Haliru ya fara gani shi ne wata yarinya ta fito da gudu, bakinta ja wur, tana riƙe da ƙafafu biyu da rabin garkuwa. Bayanta wasu yaran, kowa da nasa, wani ma yana sakace da mashi. Kafin ya gama fahimta aka fito da faifai aka ajiye gaban dattawa.

"Baba, tsaya," in ji Haliru. "Baba, kada ka…"

Baba Tukur ya riga ya jefa ɗaya a baki. Haƙoransa sun yi saura kaɗan, don haka tsotsa yake yi a natse.

"Shugaban 'yan baka na kas sa ga baki."

"Allah shi jiƙanai," in ji Baba Tukur. "Gishirinai ya yi daidai."

Haliru ya kwasa da gudu ya faɗa zaure. A ƙofar ciki ya ci karo da Gwaggo Laraba da muciya a hannu.

"Ina za ka, ƙaton banza? Ba ka ga ba shiga ba?"

"Gwaggo, rundunata ta a ciki."

"Rundunar wa? Nan mata na da jego."

"Jajayen nan na cikin babban kwano. Ba abinci na ba, Kabawa na."

"To, Kabawan sun ƙare. Ko na kai ma kishiyar uwata ban samu ba." Ta juya ta ɗauko ƙaramin samira ta dangwara masa a hannu. "Ga waɗanga dai. Sun ƙone, ga warin bula. Na jehwa ma kare ɗaya, ya sunsuna ya yi tahiyatai. Ka ce ma Safinatu jajayen kam Allah shi yi ma hannunta albarka."

"Hannuna na, Gwaggo."

"To, ashe kana da amhwani."

Ya fito da kwanon kamar mai ɗauke da gawa. Ɗanliti ya karɓa ya buɗe, ya jera Gobirawansa a gefen gulbi, baƙaƙe, munana, amma ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

"Nawa sun iso," in ji shi. "Baba, a tuna muna doka ta hwarko."

Baba Tukur ya matsar da shugaban 'yan baka zuwa ɗaya kuncin. "Wanda dut rundunatai ta ƙare, ko ta wace hanya."

"A hili nic ce," in ji Haliru. "Waɗanga ba a hili sunka ƙare ba, cikin gida sunka ƙare. Kuma wa yac ce sun ƙare?"

Ya sa hannu a aljihu. Zafi ya narkar da sukari, jar kala ta ɓata gaban farar rigarsa kamar wanda aka soka. Ya ɓamɓare hankicin da ƙyar, ya fito da sarkin yaƙi, hula ta karkace amma yana nan. Ya dasa shi a ƙololuwar tudun dussa.

"Bakabe ɗaya ya ishi tela da zuriyatai. Ku matsa, ku ba tarihi wuri."

Ya ɗauki ƙwayar ludo, ya girgiza ta a tafin hannu, ya juya ga jama'a ya soma kirarin kansa. Ya ambaci Bodinga, ya ambaci buroshi, ya ambaci allunan da ya rubuta daga nan har Sakkwato. Jama'a suka yi tsit, shi kuma ya ɗauka kirarin ne ya kama su. Ashe wani jan zakara suke kallo, wanda ya gaji da jira a ƙarƙashin tebur ya yi tsalle ya hau. Ya tsallake gulbi. Ya ratsa Gobirawa, ya dubi ɗaya da ido guda, ya wuce. Ya hau tudu ya yi tsattsaga biyu, sai ya ga abu mai ƙyalli.

"Haliru," in ji Baba Tukur, "an kawo maka hari ta gabas."

Kafin ya waiwaya zakara ya cafke sarkin yaƙi ta hula ya dira. Haliru ya yi tsalle ya bi shi ta saman tebur. Ƙafar tebur ta karye, tuddai da kurmi da gulbi suka bi shi ƙasa, kaji suka rufe shi suna tsattsagar dussa a bayansa, wata akuya ta zo tana zare zogale daga wuyan rigarsa. Mata suka leƙo ta zaure. Zakara kuwa ya haye katanga, ya gama da sarkin yaƙi a gaban mutanen gari uku.

Ɗanliti ya tsinci Bagobiri ɗaya daga ƙasa, ya hure masa rairayi. Ko ƙwarzane bai yi ba.

"Ban jehwa ƙwaya ko sau guda ba, Baba."

"Na gani. Hukunci ya hita." Baba Tukur ya leƙa faifai. "Ba sauran ko ɗan mai garkuwa?"

Haliru dai ya cika alkawari, don an shaida. Washegari ya goge SARKIN YAƘI da takubbansa. Amma ya ce ba a faɗi girman baƙaƙe ba. Ya ɗauko buroshin gemun bunsuru, ya rubuta YARON ƊANLITI a kusurwar tanki, ƙanana kamar ƙwayar gero, yadda a ganinsa ba mai lura.

Da ya yi su manya, da an karanta sau ɗaya an wuce. Yanzu duk inda ya tsaya sai an taru. Masu ido su tsuguna su karanta da ƙarfi saboda na baya, marasa ido su aika a ɗauko musu tabarau. Mai zuba mai ba ya buɗe tanki sai ya kira abokan aikinsa. Safinatu kuwa matan Shagari sun dame ta da saƙon jajayen nan na biki da suna, Haliru ne ke mulmula mata, ita ke riƙe ciniki.

Ran nan na fito zan je islamiyya na same shi a ƙofar gida zaune kan babur, dattawa uku sun sunkuya a gaban tanki suna haɗa baƙi. Ya dube ni ya gyara hula.

"Kin gani ko, Yaya? Da can wa ke kula ni? Yanzu ba mai wuce ni bai duƙa ba."